Ɗana ya kai wata 13, bai yi rarrafe ba, bai taka ba

Tambaya: Malama, ɗana ne na fari, watansa 13. Ya zauna yana wata 7, amma har yau bai yi rarrafe ba, jan gindi yake yi. Yana dafa gado ya miƙe, yana bin bango, in an sake shi sai ya zauna. Ɗiyar maƙwabciyata a nan Garin Malam ta taka tana wata 10. Uwar mijina ta ce goyo ne ya yi masa yawa ya kashe masa ƙafa, wasu kuma sun ce in sayo masa keken koyon tafiya a Kasuwar Dole. Lafiya yake, ko in kai shi likita?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya mana shi, ya albarkaci bayansa. Bari in fara da abin da ya hana ki barci. In dai yadda kika faɗa haka yake, yaronki yana kan hanya, bai makara ba. Yaron da ya zauna da kansa a wata 7, yake iya jan jikinsa ya miƙe tsaye ba wanda ya ɗaga shi, yake bin bango yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya yi kusan duk aikin. Abin da ya rage masa shi ne ya yarda ya saki hannu, wannan kuwa ba a yi wa yaro shi, shi yake yi wa kansa. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, abin da muke cewa kine a nan, kuma mafi yawan waɗanda nake gani yara ne. Uwa mai irin tambayarki ba ta yanke mini, kuma kusan kullum ɗan maƙwabta ne ma'aunin.

Wannan ma'auni ne nake so ki ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, tana rubuta lokacin da kowanne ya zauna, ya miƙe, ya taka, aka fitar da sakamakon a 2006. Zama ba jingina, wani ya yi shi kafin ya cika wata 4, wani sai da ya ɗan haura wata 9. Tsayuwa ba dafa komai, daga wajen wata 7 har kusan wata 17. Tafiya da kai kuwa, daga wata 8 da ƴan kwanaki har wata 17 da rabi. Duba tazarar nan da kyau: wata tara cur tsakanin mai gaggawa da mai jinkiri, kuma dukansu lafiyayyu. Ɗiyar maƙwabciyarki tana ciki, ɗanki yana ciki, da sauran wata huɗu da ɗoriya a gabansa. A binciken nan dai an samu yara 4 da ɗigo 3 cikin ɗari da ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, wasu jan ciki, wasu jan gindi, wasu daga zama sai tsayuwa. Rarrafe ba farilla ba ne.

Jan gindi yana da halinsa, gara ki sani. Yaron da ya ƙware a kansa yakan yi nauyin ƙafa, saboda ya samu abin hawa da ke kai shi inda yake so yana zaune, idonsa na ganin kowa, hannunsa ɗaya na riƙe da abin wasa. Me zai yi wa gaggawa? Wasunsu sai wata 18, wasu har su ɗan gota. Kuma yana bin jini. Ki tambayi mahaifiyarki, ki sa a tambayi Inna uwar mijinki yadda baban yaron ya yi, sau da yawa sai ka ji an yi dariya an ce ai shi ma haka ya share tsakar gida da wando. Abu ɗaya nake so ki lura da shi: in yana jan gindin, da ƙafa biyu yake tunkuɗawa, ko kullum gefe guda ne ke aiki, ɗaya hannun a dunƙule a ƙirji, ɗaya ƙafar ana janta? In ɓangarorin biyu suna aiki daidai, ki kwantar da hankalinki. In gefe ɗaya ne, zan dawo kan wannan.

Don ki gane abin da ke faruwa a jikinsa, tafiya ba daga ƙafa take farawa ba, daga kai take saukowa. Jariri sabon haihuwa kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, wuyan kuma ba ƙarfi, shi ya sa ungozoma ke cewa a tallabe ƙeya. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa nama yana bi ta jijiyoyi ne, su kuma jijiyoyin sai wani kitse ya naɗe su, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki, sannan saƙo ya riƙa isa da sauri ba ya ɓata a hanya. Wannan naɗi da ƙarfin naman jiki suna bi daga sama zuwa ƙasa. Wuya ya tsaya a wata 3 zuwa 4, sai kafaɗa da hannuwa, yaro ya fara juyi daga rigingine zuwa rub da ciki, sai gadon baya da ƙugu ya zauna, daga ƙarshe cinya da gwiwa da idon sawu. Haka kuma daga tsakiyar jiki zuwa yatsu: da farko yana kai wa abu duka da dukan hannu, daga baya ya damƙa da tafi, sai wajen wata 9 zuwa shekara ki ga ya tsinci ƙwayar gero ɗaya a kan tabarma da babban yatsa da manuni. Ranar da ya yi wannan, ƙwaƙwalwarsa ta yi babban aiki, ko da ba a yi masa guɗa kamar ranar takawa ba. A shekarar farko ƙwaƙwalwar yaro tana ninka nauyinta fiye da sau biyu.

Akwai kuma motsin da ake haifar jariri da shi, wanda ba shi ke sa kansa ba. Ki sa masa yatsa a tafi ya damƙe. A saki ƙofa da ƙarfi ya zabura ya ware hannuwa kamar zai rungumi wani. A tsayar da shi a kan cinya ya riƙa ɗaga ƙafafu kamar mai tafiya, tsofaffi su ce wannan da wuri zai taka. Waɗannan motsi dole su kwanta kafin na ganganci ya samu wuri. Zaburar nan takan ɓace tsakanin wata 4 da 6. Takun jarirai kuwa yakan ɓace wajen wata 2, an daɗe ana zaton ƙwaƙwalwa ce ta kashe shi, sai wata mai bincike a Amurka, Esther Thelen, ta tsoma jarirai a ruwa zuwa ƙirji a farkon shekarun 1980, takun ya dawo. Ashe ƙafafun ne suka yi ƙiba fiye da ƙarfin namansu, ruwa ya ɗauke musu nauyi. Ina son wannan binciken domin ya nuna abin da nake gani kullum: motsin yaro ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba ce, haɗuwa ce ta ƙwaƙwalwa da nauyin jiki da ƙarfin nama da irin ƙasar da yake kai, da kuma abin da yake kwaɗayin ya kai gare shi. Ɓulɓul ɗin yaro mai kai babba zai iya jinkiri a kan siririn ɗan'uwansa, ba don komai ba sai don kayan da yake ɗauke da su.

Ki zauna wata rana da la'asar ki kalle shi yana tsaye a jikin gado, kada ki taɓa shi. Za ki ga ƙafafun a ware, yatsun ƙafa suna damƙar tabarma suna saki, gwiwa tana ɗan rawa, ƙugu yana gaba yana baya. Ya saki hannu ɗaya ya juyo ya dube ki. Ya sunkuya zai ɗauki murfin kwano, ya ji zai kife, ya fasa, ya sake gwadawa. Abu uku yake daidaitawa a lokaci guda: abin da ido ke gani, abin da can cikin kunne ke gaya masa game da karkatar kansa, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji daga ƙasa. Ke da ni muna yin haka ba mu sani ba, har da tulu a ka. Shi kuwa yanzu yake haɗa lissafin, kuma ba ya haɗuwa sai da faɗuwa. Wata malama a Jami'ar New York, Karen Adolph, ita da abokan aikinta sun ɗauki hoton yara ƴan wata 12 zuwa 19 suna wasa, suka ƙirga, suka fitar a 2012 cewa a awa guda yaro kan yi taku 2,368, ya faɗi sau 17. A awa guda fa. Faɗuwar zaune daɓas ɗin nan da kike gani in an sake shi, ita ce karatun. Yaron da ya iya faɗuwa a kan gindinsa ya fi kusa da takawa a kan wanda bai taɓa faɗuwa ba don ba a taɓa sakinsa ba.

Yanzu maganar Inna. Ki gaya mata da ladabi cewa goyo ba ya kashe ƙafa. Da yana kashewa da babu mai tafiya a Damagaram, don dukanmu a baya muka girma. Goyo ma alheri ne babba. Jaririn da ke bayan uwa tana daka, tana sunkuyawa, tana tafiya, wuyansa da bayansa suna ta gyara zama da kowane motsinta, cikin kunnensa yana koyon karkata. Yadda ake ware masa cinyoyi a kan ƙugun uwa kuwa, shi ne zaman da likitoci ke sa jariri a ciki da gangan in an haife shi da gocewar ƙashin ƙugu, kuma an lura wannan ciwo ya fi ƙaranci a wuraren da ake goyo irin namu. Sai dai Inna tana da gaskiya ta wani gefe. Yaron da ya kai wata 13 in ya wuni a baya daga safe har magariba, ba a kwance majanyi sai don shan nono, yaushe zai yi takun nan dubu biyu? OMS a shawararta ta 2019 ta ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ko a kujera ko a keke ko a bayan mai reno. Na san macen da ke bin layin ruwa da bido, ga girki ga wanki, ba za ta riƙa duba agogo ba. Ki ɗauki ma'anar kawai: in kin gama aikin da ya sa kika goya shi, ki sauke shi ƙasa.

Iyayenmu ma ai sun san ana koya wa yaro. Ana girka jariri a cikin kwando ko baho a kewaye shi da tsummoki, ana kama masa hannu ana tatata. Wani mai bincike, Charles Super, ya zauna cikin ƙabilar Kipsigis a yammacin Kenya, inda suke tona ɗan rami a ƙasa su zaunar da jariri, suna kuma koya masa taku kullum. A 1976 ya ba da rahoton cewa yaransu suna riga na Amurka zama da tafiya da wajen wata guda, amma ba su riga su rarrafe ba, don ba sa koyar da shi, ba sa kuma yawan kwantar da yaro rub da ciki. Kin ga dalilin da ya sa jan gindi da tsallake rarrafe ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Muna girkawa da wuri, muna gudun kifa yaro a ƙasa saboda turɓaya da kaji da tsoron kunama, sai yaro ya saba da duniya a zaune. Kin kuma ga iyakar koyarwar: wata guda take ƙarawa, ba wata biyar ba. Girkawa ba laifi in wuya ya tsaya, a yi ta kaɗan kaɗan, kada a bar jariri ya langaɓe a ciki har ya gaji. In Allah ya kawo ƙani ko ƙanwa, ki riƙa kifa shi a ƙirjinki ko a kan tabarma mai tsabta idonsa biyu kina kusa, tun makonnin farko, har abin ya taru ya kai minti 30 a yini. Barci kuwa a rigingine, kada a kifa shi.

Keke kam, kada ki saya. Ina nufin na roba mai da'ira da ƙananan tayoyi, wanda ake zura yaro a ciki ƙafafunsa suna lilo. Wannan abu yana ɓata mini rai in na shiga gida na gan shi, don iyaye sun kashe kuɗinsu da kyakkyawar niyya sun sayo abin da ke mayar da yaro baya. A cikinsa yaro rataye yake, da kan yatsu yake turawa, ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya ɗaukar nauyin jikinsa, ba ya faɗuwa balle ya koyi tare faɗuwa. Ga shi yana ba shi gudun da hankalinsa bai kai ba. Ki tuna tsakar gidanki: murhun gawayi, tukunyar ruwan zafi a ƙasa, dokin ƙofa, bahon wanki cike da ruwa. Yaron da ke jan gindi kina iya cim masa, na cikin keke kafin ki ajiye ludayi ya isa. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da irin wannan keke tun 2004 saboda yawan raunin yara. Keken katako mai ƙafa uku da kafintocinmu ke yi, wanda yaro ke tsayawa a bayansa ya tura, ya fi shi nesa ba kusa ba, don tafin ƙafa yana ƙasa kuma nauyinsa yana kansa. Amma ko shi ba sai kin saya ba. Bidon ruwa da aka cika rabi aka ɗaure bakinsa tam, ko kujera ƴar tsugunno da aka kifa, ko kwali da aka sa wa ɗan nauyi, duk za su yi aikin. Takalmi ma a bar shi sai za a fita rana ko inda ake tsoron ƙaya. A ɗaki da inuwa, ƙafa tsirara ta fi jin ƙasa.

In za ki yi masa tatata, kada ki ɗaga hannuwansa sama da kansa kamar ana rataye wanki, hakan yana sa shi ya jingina da ke ya tura ciki gaba. Ki durƙusa a bayansa ki riƙe ƙugu, ko ki ba shi yatsa ɗaya daidai ƙirjinsa. Ki ja kujera nesa da gado kamar taku biyu, ki ɗora abin da yake so a kai, ki bar shi ya yi shawara da kansa. Tun da ɗan jan gindi ne, ki riƙa sa masa matashi ko ƙafarki a hanya don ya haura, wannan zai tilasta masa ya dafa hannu ya yi gwiwa. Kuma bari in faɗi wata magana, mu mata ne. Ɗan fari ne, na san kunya. Na san a gaban surukai ba za ki ɗauke shi kina yi masa wasa ba, wata ko sunansa ba ta faɗa. Ban ce ki zubar da kunyarki ba. Amma yaro wajen fuskar da yake ƙauna yake sakin bango ya nufa. In kun shiga ɗaki ku biyu, ki zauna ƙasa, ki buɗe hannu, ki kira shi da duk sunan da kike kiransa. A tsakar gida kuma ki bar wa kakarsa da yaran gida wannan aiki. Ki roƙi Inna ta riƙa yi masa tatata da yamma, ta haka damuwarta ta zama taimako, ke ma kin huta da magana.

Abin da ya fi yawan jinkirta yara a yankinmu, in gaya miki gaskiya, ba goyo ba ne, ba rashin keke ba ne. Ciki ne da jini. Sinadarin ƙarfen da jariri ya taho da shi daga cikin uwa yakan ƙare wajen wata 6, in abin da ya biyo baya kunun gero ne tsararo kullum, jini ya ragu, yaro ya yi sanyi, ya zauna inda aka ajiye shi ba ya sha'awar komai. A ƙara masa da zazzaɓin cizon sauro sau biyu a damina da gudawa a bazara, kowace rashin lafiya tana cinye masa makonni. Ki ci gaba da ba shi nono har shekara 2. Kunun nan a yi shi da kauri, a sa garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ko garin wake, da ɗan mai. Ƙwai, hanta ko ƴar kaɗan ce, garin busasshen kifi, zogale, miyar kuka. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe, ta hana yara da yawa abinci mai gina jiki. Kada a ba shi shayi tare da abinci, yana hana jiki jan ƙarfen. Ki duba cikin fatar idonsa ta ƙasa da tafin hannunsa, in sun yi fari fat a auna jininsa. Ki je awo a CSI, wato asibitin unguwa, da karnensa, wato katinsa na asibiti, ko ya gama allurai, a sa masa igiyar nan mai launi a dantse: kore lafiya, rawaya tsakanin santimita 11 da rabi da 12 da rabi a kula, ja ƙasa da 11 da rabi tamowa ce mai tsanani, ba a kwana da ita a gida. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 a watannin damina, ki tabbata ya sha na kwana ukun duka kowane zagaye, ba na ranar farko kaɗai ba. Ya kuma riƙa samun hantsi a jikinsa. Ƴar bakar ƙafa a wannan shekaru ba komai ba ce, takan miƙe wajen shekara 2. Amma in tana ƙaruwa, wuyan hannu ya kumbura, maɗiga ta ƙi rufewa bayan wata 18, ƙashi ne ke neman sinadarin da bai samu ba, kuma yana da magani.

Ba ki ce mini ko bakwaini ba ne. In haka ne, a cire watannin da ya rage a ciki: wanda aka haifa a wata 7, in ya kai wata 13 a lissafa shi ɗan wata 11, haka za a yi ta yi har ya shekara 2.

To, ga inda ba na son a yi haƙuri. Haƙurin da nake ba ki na yaron da ke ci gaba ne, wanda wannan wata ya fi wancan. Akwai yaran da jira yake cutar da su. Jaririn da ya kai wata 4 kansa yana lilo, ko hannuwansa kullum a dunƙule da babban yatsa a ciki. Wanda ya kai wata 9 bai zauna ba. Wanda ya shekara in an tsayar da shi ƙafafun su narke, ko kuma su sanƙare su harɗe kamar almakashi har sa masa wando ya zama aiki. Wanda ya kai wata 18 bai taka ba. Haka wanda tun bai shekara ba ya zaɓi hannu ɗaya ya bar ɗayan. Mutane sukan ce bahago ne, alhali bahagontaka ba ta bayyana da wuri haka, sau da yawa ɗaya hannun ne ke da rauni. Mafi gaggawa duka shi ne yaron da ya iya abu ya daina, ya zauna ya daina zama, ya taka ya koma ja. Wannan ranar za a kai shi. In ƙafa ta saki farat ɗaya, ma'aikatan lafiya suna bukatar ganinsa cikin kwana 14 don ɗaukar bayan gidansa a bincika shan inna, duk da cewa an ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020. Wani lokaci kuma allura ce da wanda bai iya ba ya soka a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan sawu. Na ga wannan fiye da yadda zan so, kusan kullum daga masu allurar bakin kasuwa. Kumburin bayan hannu da ƙafa mai sa kuka in an taɓa, a jaririn da ya wuce wata 6, a gwada jininsa don sikila.

Akwai wata kaka da ba na mantawa da ita. Daga wani ƙauye ta wajen Mirya ta zo da jikarta ƴar shekara biyu da rabi, goye, kan yarinyar ya langaɓe baya, jikin yana murɗewa in ta so kai hannu ga abu. Da na bi tarihi, ashe idonta ya yi rawaya jawur a makon haihuwa, ta ƙi kama nono, aka ce a bari a yi suna tukuna. Ciwon shawarar nan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shekara biyu ana yawon turare da rubutu da wanka, wasu har sun fara raɗa cewa ɗiyar ruwa ce. Kakar ta kwance ta ta ajiye a kan tabarmar ɗakin aikinmu, ta ce da ni, "Ƴata, ni dai na san mutum ce, tana gane muryata." Na kaɗa ƴan makullai a gefe, yarinyar ta juyo da ido ta yi murmushi. Mutum ce, kuma mai hankali. Muka koya wa kakar yadda za ta zaunar da ita a kusurwar ɗaki da matasai, yadda za ta riƙe haɓarta wajen ba ta kunu don kada ta shaƙe, yadda za ta miƙar da gaɓoɓin safe da yamma, aka sa kafinta ya yi mata kujera mai madafa. Bayan watanni ta zauna, tana kai loma baki da kanta. Da an kawo ta a makon farko, da wataƙila hasken fitilar asibiti na ƴan kwanaki ya tare abin gaba ɗaya. Da an kawo ta tana wata 6, da gaɓoɓin ba su ƙage haka ba. Doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, shawara a makon farko, sanƙarau, zazzaɓin da ya kai ga jijjiga da suma, duk yaron da ya bi ta ɗaya daga cikin waɗannan a sa masa ido sosai, kada a jira ya cika wata 18. Addu'a ba ta hana zuwa likita, a haɗa su. Haka jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe ciki, ana gyara shi da filasta mako mako in an fara tun yana ɗanye, ba sai an kai ga babbar tiyata ba.

Naki bai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a abin da kika rubuta. Duk da haka ni ban gan shi da idona ba, don haka ki yi mini abu biyu a makon nan. Ki kalli jan gindin nan ki tabbata gefe biyu ne ke aiki, ki miƙa masa abu ta dama ki miƙa ta hagu ki ga ko duka hannuwan suna karɓa su buɗe. Sannan ki kai shi awo, ki gaya wa ma'aikaciyar abin da kika gaya mini, a duba nauyinsa da dantsensa da jininsa. Tun 2006 tsarin ƙasarmu Nijar ya ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati. In sun ga abin da bai kwanta musu ba, za su ba ki takarda zuwa babban asibitin Damagaram ko cibiyar uwa da yaro. In komai daidai ne, ki share tsakar gida, ki kifa bahon ruwa, ki ɗauke murhu daga hanya, ki shimfiɗa tabarma a inuwa ki sauke shi. In ya cika wata 16 bai saki hannu ya tsaya shi kaɗai ba, ko ya cika 18 bai taka ba, ki kawo mana shi mu duba, ki taho da karnensa. A gaida Inna, a shafa mini kan yaron.